Manhajar Da Ta Ƙi Ƙaura: Dalilinta Da Abin Yi

Daga cikin tambayoyin da ake yawan kawo wa masu sanin sha'anin kwamfuta, ko daga ɗalibai masu koyon gina manhaja, ko daga masu makarantu da asibitoci da shaguna waɗanda suka biya kuɗi aka gina musu, akwai guda ɗaya wadda takan zo da kama iri-iri alhali asalinta ɗaya ne. Wani ya ce manhajar da take aiki lafiya lau a kwamfutar ofishinsa ta ƙi ko motsi da ya kwafe ta a filashi ya kai ta wata kwamfutar. Wani ya ce ya nemi a saka masa ita a wayar hannu, aka ce masa sai an sake gina ta, kuma sai ya sake biya. Wani kuwa, wanda ya fi su duka shiga uku, tasa ta buɗe a sabon wurin, ta yi ta aiki kamar babu komai, sai bayan watanni aka tarar lissafin da take fitarwa ya saɓa. Hujjarsu kuma guda ce: ashe ba an ce mana harsunan gina manhaja na zamani ba ruwansu da irin na'ura ba? Amsa ita ce, abin da aka faɗa musu gaskiya ne, amma gaskiya ce mai sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ba a karanta musu ba.

Ba za a fahimci sharuɗɗan nan ba sai an koma tushe, watau sai an san abin da kwamfuta take ji da abin da ba ta ji. Ɗan ƙanƙanin abin nan da ke cikinta wanda shi ke aiwatar da kowane aiki, wanda masu sana'ar suke kira furosesa, bai san Turanci ba, bai san Larabci ba, bai ma san harsunan gina manhaja da ake karantarwa a jami'o'i ba. Iyakar abin da ya sani shi ne jerin sifili da ɗaya, kowane jeri yana tsaye a matsayin umarni guda ƙarami, kamar a ce ɗauko wannan adadi daga ma'adana, ko haɗa shi da wancan, ko in sakamako ya zama sifili ka tsallaka zuwa wuri kaza. Wannan shi ake kira harshen na'ura, kuma ba guda ɗaya ba ne, kowane dangi na furosesa da nasa. Galibin kwamfutocin tebur da na cinya suna amfani da dangin x86, wanda ya samo asali daga furosesar 8086 ta kamfanin Intel a 1978, kuma Intel da AMD suke ƙera shi har yau. Kusan dukan wayoyin hannu kuwa suna kan dangin ARM, wanda kamfanin Acorn ya fara fitarwa a birnin Kambirij na Ingila a 1985. Saɓanin da ke tsakaninsu ya kai ga cewa umarni ɗaya a x86 yana iya zama daga bayit 1 har zuwa bayit 15, alhali a ARM mai bit 64 kowane umarni bayit 4 ne cif (bit shi ne sifili ko ɗaya guda, bayit kuwa ƙaramin gungu ne na bit). Jerin 11000011, wanda a wurin x86 yake nufin koma inda aka kira ka, a wurin ARM ko umarni cikakke bai kai ba.

A farkon zamani da wannan harshe ake rubuta wa kwamfuta aiki, lamba bayan lamba, daga baya aka sami ɗan sauƙi da harshen asambili, inda ake sa gajerun kalmomi a madadin lambobin. Amma tun da yake kowane layi na asambili kusan umarni guda ne na wata na'ura ayyananniya, duk ran da ma'aikata ta sayi sabuwar kwamfuta ta wani dangi sai a zubar da aikin shekaru a koma farko. Wannan asara ita ta sa masana neman harshen da zai yi nisa da na'ura ya kusanci tunanin ɗan Adam, wanda mutum zai rubuta nufinsa da shi, wata manhaja dabam ta ɗauki nauyin juya shi zuwa lambobi. Grace Hopper, masaniyar lissafi Ba'amurkiya, tana cikin waɗanda suka fara gwada haka a 1952. John Backus da jama'arsa a kamfanin IBM suka fitar da FORTRAN a 1957 domin kwamfutar IBM 704, a lokacin da masu sana'a da yawa suke ganin na'ura ba za ta taɓa yin tarjamar da za ta kai aikin hannun gwani sauri ba. A 1959 kuma aka zauna tsara COBOL da goyon bayan ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ta gaji da sayen kwamfutoci daga kamfanoni daban-daban, kowace da harshenta. A watan Disamba na 1960 aka gwada manhaja kusan iri ɗaya ta COBOL a kan kwamfutar RCA da ta Univac, ta yi aiki a dukansu biyu, abin da a wancan zamani ya zama hujja babba. Waɗannan da waɗanda suka biyo bayansu, irin su C da Java da Python, su ake kira manyan harsuna, ko harsuna masu babban mataki.

To, ita tarjamar iri nawa ce? Asalinta iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne bambancin mai tarjamar littafi da tafintan kotu: na farko yakan zauna da littafin dukansa ya juya shi sau ɗaya, a buga, daga nan masu karatu ba su da sauran bukatarsa; na biyu kuwa tilas ne ya kasance a tsaye duk sa'ad da za a yi magana, yana juya ta jimla bayan jimla. Na farkon shi ne kompaila, kamar yadda ake yi wa C da C++ da Go da Rust: yakan karɓi rubutun da mutum ya yi, wanda za mu kira matani, ya duba nahawunsa, ya gyara tsarinsa domin sauri, sa'an nan ya fitar da fayil na harshen na'ura wanda zai tsaya da kansa. Na biyun shi ne tafinta, kamar yadda aka saba da Python, inda matanin da kansa ake kai wa kwamfuta, tafintan da ke zaune a cikinta ya riƙa aiwatar da shi. Saurinsa bai kai na farko ba, amma duk inda tafintan yake matanin zai shiga. Akwai kuma hanya tsaka-tsaki wadda Java ta shahara da ita tun fitowarta daga kamfanin Sun Microsystems a 1995, inda ake tarjama matani zuwa harshen wata na'ura ta ƙaddarawa wadda babu ita a zahiri, sa'an nan kowace kwamfuta ta sami manhajar da take kwaikwayon wannan na'ura, kuma tana cikin aiki tana juya sassan da aka fi maimaitawa zuwa harshen na'ura na haƙiƙa. Ita ma Python, in aka bincika, haka take yi a ɓoye kafin tafintanta ya fara aiki, saboda haka iyakar da ke tsakanin hanyoyin ba ta kai kaifin da littattafan makaranta suke nunawa ba.

Daga nan hukunci na farko ya fito, wanda shi ne amsar mai filashi: abin da yake ƙaura shi ne matani, tarjama ba ta ƙaura. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da exe, wanda mai gina manhaja ya ba ka ka saka, tarjama ce da aka yi domin furosesa ɗaya da babbar manhaja ɗaya. Na ce da babbar manhaja ɗaya domin ko furosesa ta zama iri guda, manhaja ba ta buɗe fayil da kanta, ba ta zana komai a allo da kanta, ba ta aika takarda ga firinta da kanta, sai dai ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, watau Windows ko Linux ko macOS ko Android, kuma kowace daga cikinsu da lafazin da ake roƙonta da shi, da kuma tsarin da take so fayil ya zo da shi kafin ta yarda ta buɗe shi. Masanan da suka gina babbar manhajar Unix a ɗakin bincike na Bell sun ɗanɗana wannan tun da wuri. Dennis Ritchie ya tsara harshen C wajen 1972, aka sake rubuta Unix da shi a 1973, kuma da suka zo kai manhajojinsu kan wasu kwamfutoci sai suka tarar saɓanin manyan manhajoji bai gaza saɓanin na'urori tsanani ba, har suka yanke shawarar ɗaukar Unix ɗin ɗungurungum su kai shi kan kwamfutar Interdata wajen 1977, abin da ya yiwu domin kawai mafi yawansa da C aka rubuta shi.

Kamfanin Apple ya ba da misali mafi bayyana a zamaninmu, gama sau uku yana sauya dangin furosesar kwamfutocinsa: daga na Motorola zuwa PowerPC a 1994, zuwa Intel a 2006, zuwa nasa na kansa na dangin ARM a 2020. Kowane karo, masu matani a hannu sun sake tarjama shi da sabon kompaila suka wuce. Marasa matani kuwa suka dogara ga wani tafinta na wucin gadi da kamfanin ya tanada, wanda a karo na biyu da na uku ya sa wa suna Rosetta. Na 2006 ɗin an cire shi a 2011, kuma duk manhajar da ba a sake tarjama ta ba kafin nan, ta daina buɗewa a sabuwar babbar manhaja.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda mas'alar ta yi zurfi, kuma inda nake so ɗalibi ya tsaya ya natsu, shi ne cewa ko matanin ma ba ya ƙaura sai gwargwadon yadda marubucinsa ya tsarkake shi daga zato. Kowane mai gina manhaja yana zaune ne gaban wata kwamfuta, kuma ɗabi'un wannan kwamfuta sukan shige cikin rubutunsa ba da saninsa ba, har ya ɗauki abin da yake al'adar na'urarsa ce kawai a matsayin ƙa'idar harshen. Harsuna kuwa suna da ƙa'idoji rubutattu waɗanda masana suka yi ittifaƙi a kansu, kamar ƙa'idar C ta 1989 da waɗanda suka biyo ta, kuma a cikinsu akwai abin da aka wajabta, akwai abin da aka bar wa kowane kompaila zaɓi, akwai kuma abin da aka ce in ka aikata shi babu wani alkawari a kan abin da zai faru. Aibin da yake bayyana ran ƙaura, kusan kullum a kashi na biyu da na uku yake kwance.

Ɗauki sha'anin girman adadi. Ƙa'idar C ba ta ce nau'in adadin da ake kira int bit kaza ne cif ba, ta ce dai kada ya gaza bit 16, wanda ake kira long kuma kada ya gaza bit 32. Saboda haka ɗalibin da ya saba da kwamfutarsa, inda int yake bit 32, in ya kai matanin kan ɗan allon Arduino Uno sai ya tarar can bit 16 ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Shi kuma long, a Linux mai bit 64 bit 64 ne, a Windows mai bit 64 kuwa bit 32 ne, wanda iyakarsa 2,147,483,647. Yanzu ka ƙaddara mai gina manhajar kanti ya yi abin da ya dace, ya ajiye kuɗi da kwabo domin guje wa gutsuren lissafi, ya sa su a long, ya gwada a Linux komai ya tafi daidai; ran da aka tarjama wannan matani domin Windows, iyakar abin da asusun zai iya ɗauka ta zama naira 21,474,836 da kwabo 47, adadin da ɗan kasuwa matsakaici a Kantin Kwari ko Dawanau yake iya wucewa a ciniki ɗaya. Da an wuce shi, a galibin lokuta sai adadin ya juya ya koma bashi, babu gargaɗi, babu ƙara, manhajar kuma ta ci gaba da aiki. Mai wannan kanti shi ne irin mutum na uku da na ambata, kuma halinsa ya fi muni domin manhajar da ta ƙi buɗewa ta faɗi aibinta, wannan kuwa ta ɓoye shi.

Kada kuma a zaci wannan kuskuren ƙananan ma'aikata ne kaɗai. Ran 4 ga Yuni 1996 aka harba rokar Ariane 5 ta Turai karo na farko daga Kourou, a Kudancin Amurka, ba ta cika minti ɗaya a sama ba ta kauce hanya ta tarwatse. Bincike ya nuna an ɗauko wani sashe na manhajar Ariane 4, wanda ya daɗe yana aiki ba tare da aibi ba, aka ɗora wa sabuwar. A cikinsa akwai wurin da ake juya wani adadi mai bit 64 zuwa mai bit 16, bisa zaton cewa ba zai taɓa yin girman da zai ƙi shiga ba, zaton da yake sahihi ga tafiyar tsohuwar roka, ɓatacce ga sabuwar da ta fi ta gudu. Na'urar ko-ta-kwana da aka tanada ita ma manhajar nan ce a cikinta, saboda haka tare suka faɗi. Harshen da aka yi aikin da shi, Ada, yana cikin mafi tsanani wajen kiyaye ƙa'ida, amma harshe ba ya sanin zaton da ke cikin zuciyar marubuci. Irin wannan iyaka ce kuma take jiran tsofaffin na'urorin da suke ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a cikin bit 32, gama ƙirgarsu za ta cika ran 19 ga Janairu 2038.

Akwai wani aibi da ya shafe mu musamman, mu masu rubutu da ɓ da ɗ da ƙ. Tsohon tsarin haruffa na ASCII gurbi 128 ne kawai gare shi, babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki, haka kuma babu su a tsarin da Windows ya daɗe yana amfani da shi domin harsunan Yammacin Turai. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma shi ya mamaye intanet a yau, harafin ƙ bayit 2 yake ci, alamar naira kuwa bayit 3. Manhajar da ta ɗauka kowane harafi bayit guda ne za ta yanke suna a tsakiyar harafi. Wadda kuma ta buɗe fayil ba ta ayyana tsarin haruffansa ba, ta bar wa babbar manhaja zaɓi, za ta karanta rajistar ɗalibai daidai a Linux, a Windows kuwa sunan Bilƙisu ya fito da alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana a tsakiyarsa. Sauran saɓanin ƙanana ne amma suna da yawa: Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows a bisa al'ada ba ya yi, sandar da ke raba sunayen manyan fayiloli a Linux dama take karkata, a Windows hagu, ƙarshen layi a Windows alama biyu ce, a Linux ɗaya, har jerin bayit na adadi guda wasu na'urori daga ƙarami suke farawa, wasu daga babba.

To, mene ne abin yi? Kai ɗalibi, ko kai da ka riga ka kama sana'ar, tun kafin ka rubuta layin farko ka tambayi mai aikin a kan waɗanne na'urori manhajar za ta zauna, yau da kuma nan da shekaru kaɗan, domin amsar wannan tambaya ita take zaɓen harshe, ba abin da ake yayi ba. In rajista ce ko lissafin kanti ko makamancinsu, wanda ake so a buɗe a kwamfuta da waya baki ɗaya, ra'ayina shi ne a gina ta yadda za a buɗe ta a burauza, gama burauza ita ce tafintan da ya riga ya zauna a kowace na'ura. Sai dai a tuna da halin intanet da wutar lantarki a wurin da za a yi aikin, a tanadi yadda za ta yi aiki a cikin gida ko layi ya yanke. In aiki ne na uwar garke, watau kwamfutar da sauran na'urori suke ɗauko bayanai daga gare ta, Java da Go da Python duk sun isa, kuma Java tana da falalar cewa ƙa'idarta ta yanke girman adadi, int bit 32 ne, long bit 64 ne, a ko'ina. C da C++ a bar su ga inda ake bukatar matuƙar sauri ko kusanci da na'ura, kuma wanda ya shige su ya lazimci nau'o'in adadi masu ayyanannen girma waɗanda ƙa'idar C ta 1999 ta kawo, irin su int32_t da int64_t, ya kunna dukan gargaɗin kompaila, ya kuma gwada matanin da kompaila biyu, kamar GCC da Clang, domin abin da ɗaya ya yi shiru a kansa sau da yawa ɗayan yakan fallasa shi.

Sa'an nan ka ware. Duk abin da ya dogara ga wata na'ura ko wata babbar manhaja, kamar magana da firinta, ko na'urar ɗaukar hoton yatsa, ko wurin ajiye fayiloli, ka tattara shi a sashe guda sananne, sauran matanin ya riƙa bi ta wannan sashe kaɗai, ta yadda ran ƙaura shafi kaɗan za a sake, ba littafin duka ba. Ka ayyana UTF-8 a fili duk inda ka buɗe fayil ko ka yi magana da rumbun bayanai. Ka rubuta sunan kowane laburare da ka ara, watau sashen manhaja da wasu suka riga suka rubuta, da lambar fitowarsa, gama manhaja takan ƙi ƙaura daga shekara zuwa shekara kamar yadda takan ƙi daga na'ura zuwa na'ura. Python 3 ta fito a 2008 ba ta karɓar matanin Python 2 yadda yake, an kuma daina kula da Python 2 daga farkon 2020, kuma har yanzu ana cin karo da ayyukan da suka maƙale a can. Laburare guda da aka rubuta domin Windows kaɗai ya isa ya ɗaure manhajar Java ko Python ga Windows, ko da sauran matanin tsarkakakke ne.

Abin da ya fi waɗannan duka, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne gwaji a kan na'urar da za a yi aikin da ita, tun aikin yana ɗanye. Mai gina manhajar Android wanda yake gwaji a kan babbar wayarsa mai tsada ya sani cewa jama'ar da zai sayar wa suna riƙe da ƙananan Tecno da Itel ne, masu ƙaramar ma'adana, waɗanda wasunsu har yanzu tsarin bit 32 suke kai. Tun Agusta 2019 shagon Google Play ya wajabta tarjamar bit 64 ga manhajojin da ke ɗauke da harshen na'ura, amma bai hana haɗawa da ta bit 32 ba, kuma wanda ya yar da ita ya yar da wani kashi na masu sayensa. Docker, wanda ya fito a 2013, yana da amfani ƙwarai wajen ƙunshe manhaja da duk laburarenta wuri guda, sai dai na ga matasa suna ɗaukarsa maganin komai, alhali ƙunshin da aka gina domin x86 ba ya tafiya a kan ARM sai da kwaikwayo mai nauyi ko a sake gina shi. Ba kuma nake cewa kowace manhaja sai ta iya zama ko'ina ba. Ƙaura tana da tsada, ta lokaci da ta gwaji, wani lokaci har da ta sauri, kuma manhajar da aka yi domin inji guda a masana'anta guda babu laifi a ɗaure ta gare shi, muddin an yi haka da sani, an kuma rubuta shi a takarda.

Saura kai mai biya, Alhaji ko Hajiya, shugaban makaranta ko mai asibiti, wanda ba ka da bukatar sanin int da long. Mai gina manhajar da ya ce maka kai ta waya sabon aiki ne, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, ba zalunci ba ne. Kuskuren ya faru ne tun ran ƙulla ciniki, da ba a ambaci waya ba. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, a ambaci na'urori da manyan manhajojin da ake so ta yi aiki a kansu da sunayensu, a ambaci cewa matanin asali naka ne ko aƙalla za a damƙa maka kwafinsa tare da bayanin yadda ake tarjama shi, a kuma ambaci cewa za ka iya fitar da bayananka, sunaye da lissafi da tarihin marasa lafiya, a tsari buɗaɗɗe kamar CSV wanda kowace manhaja take karantawa. Matani yana ƙara farashi, haƙƙin mai shi ne kuma ya nemi ƙarin, amma wanda ya sayi tarjama kaɗai ya sani cewa ran da kwamfutarsa ta tsufa, ko mai ginin ya bar gari, ko Allah ya yi masa rasuwa, babu wanda zai iya gyara masa ko harafi guda sai da wahala mai yawa. In kuwa aikin gama ya riga ya gama, matanin ya ɓace, to kada a taɓa tsohuwar kwamfutar sai an kwafe bayanan da ke cikinta wuri biyu, sa'an nan a nemi masani ya mai da tsohon tsarin dukansa kwamfuta ta ƙaddarawa a cikin sabuwar na'ura, a ci gaba da aiki da shi a matsayin rukhsa ta ɗan lokaci, kafin a gina sabuwa bisa sharuɗɗan da aka ambata.

Kafin ka biya kason ƙarshe na kuɗin aiki, ka sa a kawo kwamfutar da ba a taɓa saka manhajar a cikinta ba, mai ginin ya ɗauko matanin da ya damƙa maka, ya bi bayanin da ya rubuta, ya tarjama shi a gabanka ko gaban wanda ka amince da saninsa, sa'an nan a shigar da suna mai ƙ da ɗ, a shigar da kuɗin da ya haura naira miliyan 22, a duba abin da ya fito. In ya fito daidai ka biya shi haƙƙinsa cikakke ba tare da jinkiri ba; in bai fito ba, aikin bai ƙare ba tukuna.